Lakar da Ruwa Ke Ɗauka: Tuddan Adar da Madatsun Kwarin Majiya

Duk ruwan da ke gudu a doron ƙasa tafe yake da kaya, domin babu kogi ko ƙorama da ke saukowa daga tudu zuwa gangare ba tare da yayibar wani abu daga ƙasar da ruwan ya ratsa ba. Wannan kaya, wanda ya ƙunshi tsakuwa da yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, shi ne ya gina fadamun da manoma ke tinƙaho da su a ƙasar Hausa, kuma shi ne dai yake cike madatsun ruwan da gwamnatoci suka kashe maƙudan kuɗi wajen ginawa. A gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela na jihar Tawa a Nijar babu kogin da ke gudu rani da damina, sai Majiya da sauran ƙoramu waɗanda ke kawo ruwa wata uku ko huɗu su ƙafe. Amma ƙanƙantar wannan kwari ita ce ta sa ya dace da nazari, tunda a nan mai bincike na iya bin sawun ƙasa tun daga tudun da ta baro har zuwa gindin madatsar da ta kwanta, abin da ke da wuyar yi a manyan kogunan da suka ratsa ƙasashe da yawa. Abin da wannan bin sawu ke nunawa kuwa shi ne, tsawon ran madatsa a kan tuddan da ke zuba mata ruwa ake yanke shi, komai ƙarfin bangon da aka gina mata.

Masana ilimin ruwa sun kasa wannan kaya gida biyu bisa yadda ruwa ke tafiya da shi. Akwai mai nauyi, wato tsakuwa da manyan ƙwayoyin yashi, wanda ruwa ba ya iya ɗagawa sai dai ya riƙa mirgina shi yana tunkuɗa shi a ƙasan kogi, yana tafiya yana tsayawa, har yakan ɗauki damina da yawa kafin ya yi nisa. Akwai kuma mai laushi, wato laka da yumɓu, wanda ke yawo a cikin ruwan kansa, shi ne ke mayar da ruwan damina ja ko ruwan ƙasa, kuma yana iya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita bai taɓa ƙasa ba. Ƙarfin da ruwa ke da shi na ɗaukar kaya ya rataya ne ga saurinsa, sai dai ba kafaɗa da kafaɗa suke ƙaruwa ba, domin idan gudun ruwa ya ninka sau biyu kayan da yake iya kwasa kan ninka fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa a ƙasashen Sahel mamakon ruwa biyu ko uku kan kwashi ƙasar da ta zarce wadda sauran ruwan damina duka suka kwasa a haɗe. Da zarar gudun ya ragu kuwa, sai ruwan ya fara sauke kayansa bi da bi, kamar yadda ruwan ƙorama ke yi idan an zuba shi a randa: yashi ya sauka nan take, laka ta biyo baya cikin sa'o'i, yumɓu kuma ya yi kwanaki kafin ya kwanta.

Aikin madatsa shi ne tsayar da ruwa, saboda haka kowace madatsa matattarar laka ce ko mai ita ya so ko bai so ba. Yashi kan zauna a kan tafkin, inda kogi ke shigowa, ya yi tudu mai matsowa gaba kowace shekara, ita kuwa laka takan bazu har gindin bango. Injiniyoyi sun san da haka, shi ya sa sukan ware wani kaso na ƙasan tafki, wanda ke ƙasa da bakin bututun sakin ruwa, su bar wa laka shi, ana kiransa mataccen ma'aji tunda ruwan cikinsa ba ya fita zuwa gona. Kuma shekarun da ake hasashen wannan kaso zai ɗauka kafin ya cika su ne ake lissafawa a matsayin ran madatsa. Tun 1953 wani masanin Amurka mai suna Gunnar Brune ya nuna cewa gwargwadon girman tafki idan aka gwada shi da ruwan da ke shigar masa a shekara, gwargwadon yawan lakar da yake riƙewa, ta yadda tafkin da aka gina don ya tare ruwan damina kusan duka yakan tare lakar ita ma kusan duka. Irin waɗannan tafkuna su ne ake ginawa a Sahel, inda kowane ɗigon ruwa ke da daraja. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta cewa madatsu na asarar tsakanin rabin kashi ɗaya da kashi 1 cikin 100 na ma'ajinsu a kowace shekara, kuma wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen cewa zuwa 2050 manyan madatsun duniya za su rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da aka gina su don su riƙe.

Manyan kogunan duniya sun riga sun nuna fuskokin al'amarin. Kafin a kammala babbar madatsar Aswan a 1970, kogin Nilu kan kawo wa Masar fiye da tan miliyan 100 na laka a shekara, mafi yawanta daga tsaunukan Habasha, kuma wannan laka ce ta ciyar da noman ƙasar na dubban shekaru; yau kusan dukkanta tana kwance a tafkin Nasir, manoma sun koma ga takin zamani, teku kuma tana cin bakin gaɓar Rashid saboda babu sabuwar ƙasar da ke maye wadda igiyar ruwa ta kwashe. A Sudan, madatsar Sennar ta 1925 ta rasa fiye da rabin ma'ajinta, ta Roseires kuma, wadda aka gama a 1966, sai da aka ƙara wa bangonta tsawon mita 10, aikin da aka kammala a 2013. A ƙasar Sin, Rawayan Kogi ya taɓa ɗaukar kimanin tan biliyan 1.6 a shekara, har ƙasan kogin ya tashi sama da filayen da ke gefensa a wajen birnin Kaifeng, kuma madatsar Sanmenxia da aka gama a 1960 ta cika da sauri ta yadda cikin ƴan shekaru dole aka sake fasalinta aka buɗe mata ƙofofi a ƙasa don laka ta wuce. A nan Afirka ta Yamma, tun da aka datse kogin Volta a Akosombo a 1965 yashin da ke isa teku ya ragu, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ruwa ke cinye gaɓar Keta a Gana da wasu gaɓoɓin Togo da Benin.

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Nijeriya, bai kai Nilu ɗaukar laka ba, domin ruwan da ke tasowa daga Gini yakan bazu a faffaɗar fadamar tsakiyar Mali ya sauke kayansa a can, ya iso Yamai a lokacin sanyi ya riga ya tace. Amma akwai wata ambaliyar ta biyu da ke zuwa Yamai a watannin Agusta da Satumba, wadda ake kira jar ambaliya saboda launinta, kuma ƙoramun Goruwal da Dargol da Sirba ne ke kawo ta daga ɓangaren Burkina Faso. Wannan jar ambaliya ta ƙaru ƙwarai a shekarun baya-bayan nan, ita ce ta yi mummunar ɓarna a Yamai a 2020, kuma yashin da ƙoramu ke jibgewa a cikin kogin ya rage zurfinsa ta yadda ruwan da a da yake wucewa salin-alin yanzu yakan haura gaɓa. Madatsar Kandaji da ake ginawa a jihar Tillaberi za ta fuskanci wannan kaya tun daga ranar da aka rufe ƙofofinta.

Dalilin ƙaruwar jar ambaliya a yamma shi ne dai dalilin abin da ke faruwa a Adar ta jihar Tawa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Ƙasar Adar tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara ta rufe, gangarensu na farar ƙasa ne da yumɓu (irin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa), a tsakaninsu kuma kwaruruka ne masu faɗi irin na Majiya da Badagishiri da Keita. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 a shekara ba, kuma yakan sauka ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci, a farkon damina ma kan ƙasar da ba ta da ko ƙwayar ciyawa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a kan tuddai, yawan jama'a ya sa an daina barin gona ta huta, buƙatar makamashi da abincin dabbobi kuma ta sa ana kwashe kara daga gonaki da zarar an gama girbi. Idan ɗigon ruwan sama ya bugi ƙasar da ke tsirara, yakan farfasa ƙwayoyinta, masu laushin su toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, rana ta busar da su su zama ɓawo mai tauri. Wannan shi ne faƙo, wato ƙasar da ruwa ke zamewa a kanta bai shige ta ba. Daga nan ne aka samu abin da masana ke kira ɗaurin kan Sahel, domin ma'aunai sun nuna cewa a shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke gudu a ƙoramu ƙaruwa ya yi. Bayanin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa kan faƙo ana ruwa, tunda abin da ƙasa ta ƙi sha dole ya gangara, kuma yana gangarawa da ƙarfin da ke kwasar ƙasa.

Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman abin. Idan ruwa ya kankare kaurin milimita 1 kacal daga hekta ɗaya, abin da ido ba ya gani kuma manomi ba zai lura da shi ba, ya tafi da kubik mita 10 na ƙasa. Idan haka ta faru a faɗin murabba'in kilomita 1,000, ƙasar da ta tashi ta kai kubik mita miliyan 1. Ba dukkanta ke isa madatsa ba, domin wata takan tsaya a gindin tudu wata a gonakin kwari, amma wadda ta fi yin nisa ita ce mafi laushi, kuma ita ce ke riƙe da takin ƙasa. Zaizayar da ido ke gani ita ce ta kwazazzabo. Ruwan da ya taru daga faƙo yakan faɗa a kan kwazazzabo da ƙarfi, ya rarake gindin gaɓar ta yadda samanta ke rataye babu madogara, wani lokaci da saiwoyin gawo ko na kalgo suna lilo a sarari, sai bayan ruwa ya ɗauke gaɓar ta tsage ta rufta, ruwa na gaba kuma ya kwashe ɓaraguzan. Ta haka kan kwazazzabo ke ja da baya yana cin gona yana nufar tudu, yana yanke hanyar amalanke, har yakan raba ƙauye da rijiyarsa.

A nan akwai bambancin da ake yawan tsallakewa idan ana maganar albarkar laka. A da, lokacin da gadon ƙoramu bai yi zurfi ba, ruwa kan fita daga gado ya bazu a kwari a hankali, ya kwana ya nutse, ya bar siririyar laka mai taki a kan gonakin dawa, rijiyoyi kuma su cika kusa da baki. Wannan ita ce ambaliyar da manomin fadama ke maraba da ita. Da ruwa ya ƙara ƙarfi, sai abubuwa biyu suka faru a wurare da dama na kwarurukan Tawa. Na farko, gadon ƙorama ya rarake ya yi zurfi, ruwan ya daina fita sai ya wuce a guje, fadamar da ke gefensa ta rasa ruwa da laka gaba ɗaya, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ya ja baya tunda gadon mai zurfi yana tsotse shi. Na biyu, a inda ƙaramar ƙorama ke fitowa daga tudu ta shiga kwari, takan zubar da yashi tsagwaronsa, wanda ba ya riƙe ruwa ba ya riƙe taki, ya binne baƙar ƙasar fadama da shukar da ke kanta cikin dare ɗaya. Saboda haka ba kowane abin da ruwa ya kawo ne arziki ba. Saurin da ya zo da shi ne ke raba mai gyara gona da mai kashe ta.

A cikin wannan yanayi ne aka kafa gandun noman rani na Ƙwanni, wanda aka gina kashi biyu tsakanin 1976 da 1982, mai faɗin hekta 2,452, ɗaya daga cikin mafi girma a Nijar a wajen kwarin kogin Isa. Ruwansa daga madatsu biyu yake zuwa a kan Majiya, ta Mozage wadda aka tsara ta riƙe kubik mita miliyan 30 da ta Zango mai miliyan 12, daga nan babbar magudana mai kimanin kilomita 15 ta kai shi ƙaramin tafkin Cerasa, inda ake rarraba shi zuwa gonaki. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978 don kula da irin waɗannan gandaye, ita ce ke tallafa wa ƙungiyoyin manoman da ke biyan kuɗin ruwa. Da damina ana noma dawa da gero da masara, a da har da auduga, ruwan madatsa kuma yana cike giɓin da ruwan sama ya bari. Da rani kuwa alkama da albasa da kabeji da tumatir sun dogara kacokan ga abin da tafkunan suka riƙe. A nan ne laka ke cizo, domin filin da ake iya shukawa da rani wani kaso ne kawai na gandun, kuma kowane kubik mita na laka da ya kwanta ya kori kubik mita na ruwa daga wannan kaso.

Asarar ma ta wuce wannan lissafi na ɗaya da ɗaya. A wannan yanki zafin rana da iskar hunturu kan ɗauke kusan mita 2 ko fiye na ruwa daga saman buɗaɗɗen tafki a shekara, kuma wannan ɗauka da faɗin tafki take tafiya, ba ruwanta da zurfinsa. Laka kuwa zurfi take ci ta bar faɗi kusan yadda yake, don haka tafkin da ya cika da laka yakan zama faffaɗa marar zurfi, kason ruwansa da rana ke sha ya ƙaru, ya ƙafe tun kafin albasa ta ƙosa. Haka nan tafkin da cikinsa ya ragu ba ya iya haɗiye babbar ambaliya, sai ta tsallake ta mafitar rarar ruwa ta auka wa garuruwan da ke ƙasa. Lakar da ta kuɓuce wa tafki kuma takan kwanta a magudanai, ciyawa ta tsiro a kanta, ruwa ya rage gudu, masu gonakin wutsiyar magudana su riƙa samun ruwa a makare ko su rasa, abin da ke haddasa saɓani tsakanin manoma da ƙin biyan kuɗin ruwa, rashin kuɗin kuma ya hana yashe magudanan. Yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016 ta ƙunshi gyaran gandun Ƙwanni, kuma gyaran magudanai na rage ruwan da ke zurarewa a hanya. Sai dai komai kyawun magudana ba ta iya kai wa gona ruwan da tafki bai riƙe ba. Madatsar Galmi, a ƙasar da shahararriyar albasar nan ta samo sunanta, tana ƙarƙashin wannan doka, ta Ibohaman a gundumar Keita kuwa, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1960, ta daɗe da zama abin misali na madatsar da laka ta ci ƙarfinta.

Ba kowa ne ke kuka da cikar tafki ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa maganin ya yi wuya. Ƙasar da ta kwanta a cikin tafki ita ce mafi kyawun ƙasar tuddai, kuma idan ruwa ya ja baya mazauna bakin tafki sukan bi danshi su shuka a kanta ba tare da taki ko ban ruwa ba, ta yadda abin da mai gona a gandu ke gani asara ce shi wannan yana ganinsa sabuwar fadama. A can ƙasa kuma akwai wasu masu haƙƙi, domin Majiya ba ta tsaya a iyaka ba, tana shiga Nijeriya ta zuba a tafkin Kalmalo na ƙaramar hukumar Illela a jihar Sakkwato (wata Illelar ce dabam, mai fuskantar Ƙwanni ta tsallaken iyaka), kuma duk ruwa da lakar da aka tare a sama an rage su ne daga rabon masunta da manoman can. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya ta ambaci Majiya da Lamido cikin kwaruruka huɗu da ƙasashen biyu suka amince su raba ruwansu bisa adalci, tare da Gada da Gulbin Maraɗi, inda lamarin ya juya tunda a can madatsar Jibiya ta Nijeriya ce ke sama. Abin da datsewa ke yi wa na ƙasa an gan shi a fili bayan kammala madatsar Bakolori a 1978, lokacin da binciken W. M. Adams ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamar kogin Sakkwato.

Hanyoyin da ake bi a ceto tafkin da ya cika ba su da yawa, kuma kowace da tsadarta. Yashewa ita ce ke fara zuwa bakin jama'a da na ƴan siyasa, amma idan aka ɗauka tafki mai girman na Mozage yana rasa kashi 1 cikin 100 kawai a shekara, wannan kubik mita 300,000 ke nan, wato lodin tifa 30,000 mai ɗaukar kubik mita 10, kuma duk wannan ɗawainiya ba ta mayar da abin da ya ɓata a baya ba, ta dai hana ƙari ne na shekara guda. Kwasar lakar da manoma ke yi da amalanke don gonakinsu ko don tubali abu ne mai amfani da ya cancanci ƙarfafawa, sai dai ba ta taka kara ta karya ba a gaban wannan adadi. Hanya ta biyu ita ce buɗe ƙofofin ƙasa a bar ruwan farkon damina mai kauri ya wuce, a tare na ƙarshe da ya fi tsabta, kamar yadda Sinawa suka koma yi a Rawayan Kogi. Wannan na buƙatar madatsa mai manyan ƙofofi da kuma tabbacin cewa wani ruwan na tafe, tabbacin da babu mai iya bayarwa a Adar, inda damina kan yanke ba sallama. Hanya ta uku, ƙara tsawon bango, tana sayen shekaru ne kawai, kuma tana nutsar da gonakin da ke bakin tafki.

Abin da ya rage shi ne tsayar da ƙasa a inda take, kuma a wannan fanni jihar Tawa na da abin da za ta koya wa duniya. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya ta wajen Buza don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa tana zuba yashi a ƙoramu. A 1984 aka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya da haɗin gwiwar hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda jama'a, mafi yawansu mata, suka gina kunyoyin dutse da ƙananan madatsu suka dasa miliyoyin itatuwa. Amma abin da ya fi yaɗuwa da ƙafarsa shi ne tassa, wadda ta bunƙasa a ƙasar Illela da Badagishiri bayan wani shiri na asusun IFAD ya kai wasu manoma ziyara Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake gyara wannan tsohuwar dabara. Tassa rami ne da ake haƙawa a faƙo da rani, faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba ɗan taki a ciki. Gara takan bi takin ta huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya, iska ta zubo da ganye da ƙura a ramin, idan ruwa ya sauka a shuka gero ko dawa a ciki. Tare da ita akwai rabin wata, wato kunya mai lanƙwasa da ke buɗe baki ga tudu, da jerin duwatsu da ake shimfiɗawa a kan layin da ƙasa ta daidaita. Shaida mafi ƙarfi a kan amfaninsu ita ce faƙon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa a ƙasar Illela, manoma suna saye don su farfaɗo da shi.

A cikin kwaruruka kuma, tun ƙarshen shekarun 1990 ayyukan haɗin gwiwa da Jamus suka yaɗa shingen baza ruwa, wato gajeren bango na dutse da siminti da ake gittawa a gadon ƙorama da fikafikai masu tsawo hagu da dama, wanda ba ya tara tafki sai dai ya rage wa ruwa gudu ya tilasta masa fita ya bazu. Yashi ya cike rarakakken gadon, laka ta kwanta a gonaki, ruwa ya nutse ya ɗaga rijiyoyin da masu albasa ke ja da injin. Wannan ya fi kusa da yadda kwarin ke aiki tun asali, kuma ruwan da ya shiga ƙasa rana ba ta shan sa.

Duk da haka bai dace a ɗauka an gama ba. Tassa da rabin wata suna tsayar da zaizayar saman gona, amma kaso mai yawa na yashin da ke shiga tafkuna daga kwazazzabai da ruftawar gaɓar ƙoramu yake fitowa, waɗanda gyaransu ya fi ƙarfin magidanci ɗaya kuma galibi suna kan filin da ba na kowa ba. Ayyukan da aka yi da kuɗin waje sukan lalace idan shiri ya ƙare babu mai bin su da gyara. Akwai kuma wata gaskiyar da masu tsara ayyuka ba su cika son faɗa ba, ita ce duk abin da ya tsayar da ƙasa a tudu yana tsayar da ruwa ma, don haka tafki na iya samun ƙarancin laka da ƙarancin ruwa a lokaci guda, kuma ba za a san inda riba ta rinjaya ba sai an yi lissafin kwarin duka a matsayin abu ɗaya, daga Buza da Madawa har Kalmalo. Sannan manomin tudu, na Tajaye ne ko na Dogarawa, ba shi da dalilin kashe guminsa don kare tafkin da ba ya shan ruwansa, sai in gonarsa ce ta fara amfana, ko kuwa an biya shi ladan aikin.

Saboda haka abu biyu ne suka wajaba a kan hukumomin da ke riƙe da waɗannan madatsu. Na farko shi ne auna zurfin tafkunan Mozage da Zango da Galmi a kai a kai, aikin da ake yi da kwale-kwale da na'urar auna zurfi, ko da kayan safiyo idan tafki ya ƙafe, a kuma sanar da ƙungiyoyin manoma sakamakon domin su tsara noman rani bisa ruwan da ke akwai maimakon adadin da aka rubuta tun lokacin da aka gina su. Na biyu shi ne a sa kuɗin kula da tuddai da kwazazzabai a cikin kasafin madatsar kanta, kowace shekara, daidai da kuɗin gyaran ƙofofi da magudanai, a kuma ba majalisun ƙananan hukumomin da ke sama kujera a inda ake yanke shawarar ruwan. Wuraren da suka dace da gina madatsa a kwarin Majiya ƙalilan ne, kuma an riga an yi gini a kan mafi kyawunsu.